Na ƙasa ne ko na ɗan haya? Nazarin rikicin wani injin niƙa a Agege

## Wurin da mai sana'ar

Agege tsohon mazaunin Hausawa ne a Legas. Cinikin goro ya kawo na farko, layin dogon da ya haɗa Legas da Kano tun 1912 ya sauƙaƙa wa na baya, har aka sami zuriyar da aka haifa a nan, tana ciniki da Yarbanci tana komawa gida da Hausa. Mutumin da wannan nazari ya shafa ba ya cikin haifaffun gari. Daga ƙasar Katsina ya zo yana saurayi, ya yi dako a kasuwar Mile 12, ya yi yaron inji, sannan ya tsaya da ƙafarsa. Yana karanta Hausa da boko da ajami, yana jin Yarbanci da buroka, amma Turancin takarda sai an karanta masa. Za mu kira shi mai injin.

A Janairun 2016 ya kama hayar wani shago mai faɗi da ɗan fili a gabansa, ba nisa da tashar jirgin ƙasa. Mai wurin dattijo ne Bayarabe, sahu ɗaya suke tsayawa a masallacin layin. Hayar shekara-shekara ce, naira dubu 300 a lokacin. Ejan ya kawo takardar agirimen mai shafi huɗu, ya nuna masa inda kuɗi yake, ya nuna inda zai sa hannu. Ba a rubuta jerin abin da ke cikin shagon ba, domin babu abin rubutawa: bango huɗu, ƙofar katako, daɓen siminti da ya farfashe, da ƙwan lantarki ɗaya.

## 2016 zuwa 2022: abin da aka girka

Injin da ya saya tsohon samfurin Lister ne mai silinda ɗaya, mai shan dizal. Irin wannan ba a ajiye shi haka kawai a ƙasa, girgizarsa za ta yi ta tafiya da shi. Magini ya haƙa rami, ya zuba kankare, ya dasa manyan kusoshi huɗu masu zare, kawunansu a sama. Da kankaren ya bushe aka ɗora injin, kusoshin suka shige ramukan ƙafafunsa, aka ɗaure da noti. Bel ya tashi daga jikinsa zuwa kawunan niƙa biyu, ɗaya na busasshe, masara da dawa da gero da alabo, ɗaya na markaɗe, tumatir da tattasai da waken ƙosai da ƙullun koko.

Markaɗe ruwa yake ci, kuɗin masu kura kuma ya ishe shi. A 2017 ya nemi izinin haƙa rijiyar burtsatse a filin. Dattijon, wanda tsohon ma'aikacin gwamnati ne mai son takarda, ya yago falle daga littafin rasit ya rubuta layi biyar da hannunsa: ya yarda ɗan hayarsa ya haƙa rijiya da kuɗinsa. Ya sa hannu da kwanan wata. Mai injin ya ninke fallen ya jefa cikin jakar takardu.

A 2019 ya yi babban gyara. Ya kafa rumfar kwano a gaban shagon, ginshiƙanta na ƙarfe a cikin siminti, ya shimfiɗa tayil, ya cire ƙofar katako ya sa ta ƙarfe mai naɗewa. Zuwa lokacin amana ta yi ƙarfi, ƙafa kuma ta fara hana dattijon fita. A kan tabarmar ƙofar gidansa ya ce, "Alhaji, wurinka ne, duk abin da zai gyara shi ka yi." Ladan da wani tela sun ji. Ba a rubuta komai ba. Daga baya aka ƙaro kwantena mai ƙafa 20 ta ajiyar buhuna, aka ɗora ta kan bulo huɗu, sai tankin ruwa, janareta, fankokin sama biyu da mita mai kati.

Cikin waɗannan shekaru injin ya shiga takardu uku, kowace da sunan da ta ba shi. Rasit ɗin dillali ya kira shi *stationary engine*, wato injin da ke aiki a girke wuri ɗaya, saɓanin na mota ko na jirgin ruwa. A 2022, da mai injin ya nemi rance a wani ƙaramin banki, jami'in da ya cike masa fom ya sa injin a layin *fixed assets*, wato kayan da sana'a ke aiki da su shekara da shekaru, ba hajar sayarwa ba. Babur ɗin kai kaya ma a wannan layin ya shiga. Bankin kuma da ya karɓi injin a matsayin jingina ya yi masa rajista da sunan *movable asset*, dukiyar da ake iya ɗauka, bisa dokar tarayya ta 2017 da ta ba ƙananan 'yan kasuwa damar jinginar da kayan aikinsu a rajistar da ke ƙarƙashin Babban Bankin Najeriya. Babu wanda ya ga saɓani a nan, kowace takarda tana harkar gabanta.

## Yuni 2024: notis

Dattijon ya rasu a 2023. Ya bar 'ya'ya biyar, babbarsu mace ce, ita ke magana da yawunsu. Unguwar kuma ta canza. An buɗe gadar Pen Cinema a 2021, an ƙaddamar da jirgin ƙasa na Red Line mai tsayawa a Agege a Fabrairun 2024, kuɗin haya ya ɗaga ko'ina. Hayar shagon ta kai naira dubu 900, an biya ta har ƙarshen shekara.

Ranar Juma'a 28 ga Yuni, kwana goma sha biyu bayan Babbar Sallah, aka kawo notis: ya bar wurin ranar 31 ga Disamba. Notis ɗin ba shi da aibi. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ba mai hayar shekara notis na wata shida, kuma Agege na cikin inda dokar ke aiki, domin wuraren da ta keɓe su ne Apapa, Ikeja GRA, Ikoyi da Victoria Island. Mai injin bai yi jayayya da tashi ba. Ya fara neman wani wuri.

Mako biyu bayan haka wasiƙa ta biyu ta zo daga lauyan magada. Ta ɗauko wani layi daga shafi na uku na agirimen, inda ɗan haya ya yi alkawarin miƙa wurin "together with all fixtures, fittings and additions thereto". A ƙasa an jera abin da magada ke ganin layin ya ƙunsa: inji, kawunan niƙa, rijiya, tanki, rumfa, ƙofa, tayil, fankoki, mita, kwantena. Janareta kaɗai aka bar masa. Daga baya aka gane dalili: autansu ba shi da aiki, yana so ya ci gaba da niƙan da kansa.

## Yuli: ƙamus a waya

Wanda ya fara karanta wasiƙar ɗan ƙanwar mai injin ne, ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha. Kalmar *fixtures* ya san ta sarai, amma a jadawalin wasannin ƙwallon Ingila. Ya duba ƙamus a waya, ya ga abin da aka kafa wuri ɗaya. Ya bi 'yan uwanta: *immovable*, *immobile*, *static*, *fixed*. Duk suka nuna masa hanya ɗaya, abin da ba ya motsi ko ba a iya motsa shi.

"Kawu, ai magana ta ƙare," in ji shi. "Abin da ba ya ɗaukuwa suke nufi. Injinka a mota aka kawo shi, a mota zai koma."

Ya zauna ya rubuta amsa da kansa. Ya ce inji ba *fixture* ba ne tunda noti huɗu ne kawai ke riƙe da shi. Don ya tabbatar da mallaka ya haɗa da kwafin fom ɗin banki da rasit ɗin dillali. A wasiƙar ya rubuta *stationery* a maimakon *stationary*, ya mai da injin kawunsa kayan rubutu, amma wannan ba shi ne ya yi ɓarna ba. Lauyan magada ya amsa da layi uku: takardunku da kanku sun kira injin *fixed* kuma sun kira shi *stationary*, me ya rage a yi gardama a kai?

Wata guda ya tafi a wannan musayar, kuma hujjar da mai injin ya aika ta koma hannun abokin gardamarsa.

## Agusta: zaman dattawa

Mai injin ya kai maganar ga manyan Hausawan unguwar. Aka zauna a zauren ɗaya daga cikinsu, da limami, da wakilin baale, wato mai unguwar Yarbawa, da magada uku. Harsuna uku suka yi aiki a zaman.

Limamin ya kawo abin da ya sani. A fiƙihu dukiya iri biyu ce, aƙar da manƙul. A mazhabar Malikiyya aƙar shi ne ƙasa da abin da ke haɗe da ita na gini da itatuwa, manƙul kuma abin da ake ɗauka daga wuri zuwa wuri. Ya ƙara da cewa idan ɗan haya ya yi gini kuma wa'adinsa ya cika, mai ƙasa na da zaɓi: ya ce ya rushe ya kwashe, ko ya biya shi kuɗin kayan a matsayin rusassu ya riƙe. Wakilin baale ya ce su ma a wurinsu ba a raba mutum da kayan sana'arsa, ba a kuma haƙe ƙasar mutane a tafi da ita.

Aka tashi a kan cewa abin da ke ƙasa na mai ƙasa ne, abin ɗauka na mai shi. Kowa ya ce ya yarda, aka yi fatiha. Mai injin ya koma gida yana ganin an ba shi injinsa. Autan magada ya koma yana ganin an bar masa, tunda kusoshin a cikin ƙasa suke. Ba a ambaci inji da suna ba, ba a rubuta komai ba. Abu ɗaya zaman ya samar: samarin ɓangarorin biyu da suka fara harare-harare a layin an ja musu kunne, kuma sun ji.

## Satumba: sifana da dare, kwaɗo da safe

Wani abokin mai injin ya ba shi shawara ya kwashe abinsa kafin a farga. A tsakiyar Satumba, bayan sallar isha'i, ya kawo makanikai biyu. Noti uku suka kwance. Na huɗu ya yi tsatsa ya kama, shekara takwas yana shan ruwan markaɗe. Suka sa guduma da kurfi, gefen dakalin kankaren da injin ke kai ya tsage, ƙarar ta tashi maƙwabta. Suka bari suka tafi. Da gari ya waye akwai sabon kwaɗo a ƙofar shagon.

Dukansu suka je ofishin 'yan sanda, kowa da ƙararsa. Jami'in ya saurara ya ce wannan rikicin haya ne, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai, su je kotu ko wurin sulhu. Shagon ya kwana tara a rufe kafin dattawa su sa a cire kwaɗon. Masu ƙosai da masu abinci ba sa jira, suka koma wani injin a bayan kasuwa, wasu ba su dawo ba. Biyan banki na watan ya wuce.

## Oktoba: lauya ta zo shagon

Sai a nan ya nemi lauya. Haifaffiyar Agege ce, Bahaushiya. Ta karanta agirimen a ofis, amma ta ce ba za ta ce komai ba sai ta ga wurin. Ta zo da littafi, ta bi kayan ɗaya bayan ɗaya, tana durƙusawa tana leƙa ƙarƙashinsu. A kan kowanne ta yi tambaya iri ɗaya: yaya aka haɗa shi da ginin, don me aka haɗa shi, wa ya saya, akwai izini a rubuce?

Da ta gama ta zauna a kan buhun masara ta ce, "Baba, yaronka ya yi ƙoƙari, amma ya kama gardamar ta wutsiya. Injin nan naka *fixture* ne."

"Barista, wato ya tafi ke nan?"

"Ban ce ba. Ka saurara."

Bayanin da ta yi, wanda shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya, ga shi a taƙaice. Najeriya ta gaji wata ƙa'ida daga dokar Ingila: abin da aka haɗa da ƙasa ya zama na ƙasa. Kalmar *immovable property* da ke sashe na 43 na kundin tsarin mulki, inda aka ba kowane ɗan ƙasa 'yancin mallakar irin wannan dukiya a ko'ina a Najeriya, ƙasa take nufi da gini da abin da ya zama ɓangarensu. *Fixture* kuma abu ne da asalinsa na ɗauka ne, aka haɗa shi da ƙasa ko gini har doka ta lissafa shi tare da su. Ba a auna wannan da nauyi ko da yiwuwar motsawa. Abu biyu kotu ke dubawa: ƙarfin haɗin, da manufar haɗin. A wata shari'a ta Ingila ta 1872, Holland da Hodgson, injunan saƙa da aka kafe da ƙusa a daɓen masaƙa an ce sun zama na ginin, ko da yake cire su ba wuya. Alƙalin ya ba da misali da duwatsu: idan aka jera su ba siminti don su zama katangar gona, sun zama na ƙasa, amma duwatsun nan idan magini ya jera su a filinsa don ajiya, kayansa ne na ɗauka.

To amma dokar ba ta tsaya nan ba. Tun da daɗewa ta ware wa ɗan haya wata dama: abin da ya kafa don sana'arsa, wanda ake kira *trade fixtures*, yana da ikon cire shi. Sharuɗɗan uku ne. Ya zama abin zai fita ba tare da ya lalace ko ya yi wa ginin babbar illa ba. Ya gyara duk ɓarnar da cirewar ta jawo. Kuma ya cire kafin ya bar wurin, domin in ya miƙa makulli abin yana nan, ya zama na mai gida. Yarjejeniya na iya toshe wannan dama, amma sai da kalmomi bayyanannu. Layin da ke shafi na uku bai ambaci injuna ko kayan sana'a ba, kuma a ganinta bai kai ya ƙwace masa wannan iko ba. Ta gaya masa gaskiya cewa kalmar "all" da ke layin za ta ba ɗaya lauyan abin riƙewa, kuma shari'a a kai za ta iya wuce 31 ga Disamba da nisa.

Game da *fixed assets* ta yi dariya. Ta ce wannan yaren masu lissafi ne, babur ɗin da ke yawo Legas ma yana ciki. Rajistar banki kuwa ba ta ɗaure magada, amma tana ɗauke da lambar injin da sunan mai shi, don haka tana da amfani.

Sannan ta raba kayan. Kwantena, wadda ta fi komai nauyi a wurin, nauyinta ne kawai ya zaunar da ita a kan bulo, ba ta taɓa zama ta ƙasa ba. Haka janareta da tanki. Inji da kawunan niƙa kayan sana'a ne, suna fita. Dakalin kankare da kusoshinsa sun zauna. Tayil, ƙofar ƙarfe, wayoyin cikin bango da rumfa an yi su ne don gyara ginin, sun zama nasa. Mita tana bin adireshin da aka yi mata rajista, ba ta bin ɗan haya. Rijiya babu mai naɗe ta ya tafi da ita.

A nan ta kawo wani sashe na dokar 2011: ɗan hayar da ya yi gyara da izinin mai gida a rubuce tun kafin aikin, in mai gida ne ya kawo ƙarshen hayar, yana iya neman diyya. Ta tambaye shi takarda. Ya ce ladan da tela sun ji. Ta ce dokar rubutu ta ce. A daren ya zazzage jakar takardunsa, fallen rasit na 2017 ya faɗo, ya yi ja amma ana karantawa. Na rumfa da tayil da ƙofa babu.

Ta kuma hana shi abu biyu: kada ya sake taɓa noti sai an rubuta yarjejeniya, kada kuma ya bi shawarar masu cewa ya yi zamansa har kotu ta fitar da shi. Dokar da ta hana mai gida fitar da ɗan haya da ƙarfi, da tarar da ba ta wuce naira dubu 250 ba ko ɗaurin wata shida, ita ce kuma ta hana lalata ginin da gangan. Kwaɗon magada da gudumar makanikansa duk suna da abin tsoro a wannan sashe.

## Nuwamba: sulhu

Lauyar ta kai maganar Cibiyar Sulhu ta Jama'a da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Legas, wadda aka kafa a 1999 kuma ba a biyan kuɗi. Magada suka amsa gayyata, watakila don batun kwaɗon ya dame su.

An yi zama biyu. A na farko lauyoyin suka ja layin shafi na uku, kowa ya tsaya a kan karatunsa. A na biyu mai shiga tsakani ta ajiye agirimen gefe ta ɗauki jerin kayan da hotunansu, aka bi su layi-layi. Abubuwa bakwai sun wuce cikin minti kaɗan, domin da aka kira su da suna babu mai gardama. Aka daɗe a kan inji da rijiya. Babbar 'yar, da aka miƙa mata fallen rasit, ta gane rubutun mahaifinta, ta ce ba za ta musa abin da ya sa wa hannu ba.

Abin da aka rubuta: mai injin zai tafi da inji, kawunan niƙa, kwantena, tanki, janareta da fankoki. Zai yanke kusoshin daidai da ƙasa ya gyara dakalin da ya tsage. Rijiya da sumo, injin jan ruwan da ke cikinta, za su zauna, magada su biya shi naira dubu 700 kashi biyu. Rumfa, tayil, ƙofa da mita za su zauna ba diyya. A madadin kwana taran da aka rufe shagon, an ƙara masa wa'adi zuwa 15 ga Janairu, kuma lauyarsa ta nace aka rubuta cewa ikonsa na cire kayan yana nan har wannan rana.

## Disamba 2024 zuwa Fabrairu 2025: kwashewa

Ya yi niƙa har ƙarshen Disamba. A makon farko na Janairu motar kireni ta ɗaga kwantenar cikin ƙasa da rabin awa. Notin nan na huɗu sai da mai walda ya gasa shi da wuta ya kwance. Magini ya cike ramuka, wakilin magada ya duba ya sa hannu, aka miƙa makulli ranar 13 ga Janairu.

Sabon wurin yana wajen Abule Egba. Agirimen ɗinsa na da shafi na ƙarshe mai layi biyu, kayan mai gida a dama, kayan ɗan haya a hagu, da lambar inji, da jimlar da ta ce duk abin da ɗan haya ya kafa don sana'a zai cire in zai tashi. An karanta masa shi da Hausa kafin ya sa hannu. Ya tayar da injin a tsakiyar Fabrairu, mako biyu kafin azumi. Kashi na biyu na kuɗin rijiya ya shigo a watan Afrilu.

## Abin da ya yi aiki da dalilinsa

Ƙamus bai yi ƙarya ba, ya amsa tambayar da ba ita ce a gaban kowa ba. *Stationary*, *static* da *immobile* suna bayanin halin abu, ko yana motsi ko ba ya yi. *Fixed asset* rabon masu lissafi ne. *Immovable* da *fixture* a takardar haya suna amsa wata tambaya daban: in aka rabu, wa zai riƙe? Shi ya sa kwantena mai nauyin fiye da tan biyu ta tafi, ƙofar da mutum biyu za su ɗauka ta zauna. Ɗan ƙanwar ya cancanci uzuri, domin mai digiri ma da bai karanta shari'a ba zai iya faɗawa ramin. Laifin wasiƙarsa shi ne aika takardu ga lauyan abokin gardama ba tare da sanin abin da za a karanta a cikinsu ba.

Zaman dattawa ya fi kusa da gaskiya fiye da yadda sakamakonsa ya nuna. Ƙa'idar da suka tsayar ba ta yi nisa da ta kotu ba, kuma zaɓin da limamin ya kawo na biyan kuɗin abin da aka gina shi ne kusan abin da aka yi da rijiya. Abin da ya hana shi aiki, an tsaya a kan ƙa'ida ba a sauka kan kaya ba. Da an ɗauki biro a wannan zaure an rubuta inji, rijiya, rumfa, kowanne da hukuncinsa, da wataƙila ba a kai ga kwaɗo ba. A ganina wannan shi ne babban bambancin zaman Agusta da na Nuwamba, ya fi kasancewar lauyoyi nauyi.

Yunƙurin dare shi ne mafi tsada a cikin abin da aka gwada, kuma abin takaicin shi ne doka ta ba shi ikon cire injin da rana tsaka. Ya je ɗaukar abinsa kamar mai sata, ya rasa cinikin kwana tara da wasu abokan ciniki, ya ba magada ƙorafin da ba su da shi a da. Asarar rumfa da tayil da ƙofa kuwa tun 2019 aka yi ta, a kan tabarmar da aka ba da izini da baki. Dattijon bai yaudare shi ba. Ya rasu ne kawai, maganarsa kuma ba ta cikin abin da doka ta ce a nuna.

Akwai kuma rabon sa'a a yadda aka ƙare, bai kamata a ɓoye ba. Layin shafi na uku gama-gari ne, irin wanda ake kwafa daga agirimen zuwa agirimen, shi ya bar wa lauyarsa ƙofa. Akwai takardun haya da ke faɗa ƙarara cewa duk injin da ɗan haya ya kafa zai zama na mai gida in wa'adi ya cika. Da irin wannan ejan ya kawo a 2016, da ita ma an sa mata hannu ba a karanta ba, kuma da autan magada ne ke niƙa da injin a Agege yau.